Ranar da Inji Ya Yi Shiru

Sun rushe gidan kallon Tasi'u. Da safe na biyo ta Sabon Gari zan je wurin facina, sai na tarar ana ɓamɓare langa-langar ana lodawa a amalanke, bencinan kuwa tuni an faskare su, wata mai ƙosai ta kwashe. Wai shagon cajin waya za a gina a wurin. Na tsaya da kekena na daɗe, har ɗaya daga cikin masu aikin ya tambaye ni ko akwai kayana a ciki. Na ce babu, na wuce. Me zan ce masa? Wurin ya daɗe a rufe, awaki ne ke kwana a ciki, ni kaina ban sake leƙa shi ba tun da na bar shi. Amma yini guda na yi ina liƙa faci a karkace, har wani mai babur ya dawo mini da taya ya zage ni, kuma da gaskiyarsa.

Yaran yanzu in ka ce musu gidan kallo, ƙwallo suke tunani. A zamaninmu fim ne. Garin nan namu na Wudil a lokacin, in ka ɗauke ranar Juma'a, shiru ne da shi, irin wanda kana tsakar gidanku za ka ji babbar mota tana hawa gada. Da asuba kiran salla, sai sautin daka gida-gida, sai masu jakuna suna gangarawa kogi ɗebo yashi. Aikina kafin in karya shi ne in cika randunan gidanmu, in yanko wa awakin Inna ciyawa, in damina ce kuma in kai wa mahaifina fura gona. Makaranta na yi ta har aji biyu na sakandare, daga nan ta ƙi ni, na ƙi ta. Turancin da na fito da shi bai wuce na gaisuwa da na zagi ba, sai ɗan abin da ke rubuce a jikin gwangwani. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka da ilimi na yi abin da na yi. Ranar Juma'a kuwa gari juyewa yake. Tun da jijjifi za ka ji ana koro shanu kasuwa, mutanen Dagumawa da Indabo da ƙauyukan bayansu su zubo da buhuna da kaji da igiyoyi, warin kashin shanu ya gauraya da ƙamshin soyayyen kifi na bakin gada. In an sauko daga masallaci, wanda ya sayar ya sayar, wanda bai sayar ba ya haƙura, sai a nemi inda za a zauna kafin rana ta yi sanyi a kama hanya. Nan Tasi'u yake samun mutanensa.

Rumfa ce kawai, langa-langa sama da gefe, ƙasa yashi. Talabijin ɗaya a kan dogon tebur, bidiyo a ƙarƙashi an lulluɓe ta da tsohon zane. Layin babu lantarki. An daɗe da kafa turaku, amma ba a ja waya ba, sai tsuntsaye ke amfani da su. Don haka da inji ake kallo, wani tsohon inji mai tari kamar wanda ya sha taba tun yana goye. Tasi'u mutum ne mai tsoron ɓarawo, ba zai yarda a kai injin nesa ba, dole sai a jikin langa-langar, inda zai miƙa ƙafa ya taɓa shi. In aka tayar da shi rumfar duka rawa take ɗauka. Ko an ƙure murya ba ka jin abin da ake faɗa a talabijin, sai bakin mutane yana motsi. Fim ɗin rawa da waƙa bai damu kowa ba, ana gane wanda ke son wance. Na duka ma haka, naushi ba ya bukatar tafinta. Matsalar ita ce wanda muke kira fim ɗin sama, na 'yan sama jannati. Mutane ne a zaune cikin kumbo, gabansu fitilu ja da kore, suna danna abu suna surutu, su daɗe ba a daki kowa ba. Tun ba a yi nisa ba benci yake fara raguwa.

Ni kuwa su ne nawa. Ban san dalili ba. Wataƙila don ni yaro ne da ya saba kwanciya a tsakar gida da bazara yana kallon taurari yana tunanin ko akwai wanda ke kallonsa daga can. Ina zama a baya da abokaina, ina raɗa musu abin da ke faruwa, wanda duk a kaina nake haɗa shi. Wata rana Tasi'u ya lura bencin baya cike yake ana ta dariya, na gaba kuwa sun watse. Ya zo ya tsaya a kaina ya saurara. Na ɗauka korata zai yi. Sai ya kama hannuna ya kai ni gaba, ya kife wani tsohon turmi a gefen talabijin, ya murɗe muryar fim ɗin gaba ɗaya, ya ce tunda dai ba a jin tasu, a ji tawa. Haka aka fara, babu wanda ya tsara. Da safe in Tasi'u yana goge kan bidiyo da tsumma, sai ya saka mini sabon kaset in kalla ni kaɗai sau ɗaya. Fuska nake karantawa. Wa ke kallon wa da wutsiyar ido, wa ya sunkuyar da kai, wa ake tashi tsaye in ya shigo. In raɗa wa kowa sunan Hausa, in ba shi gari da iyaye da abin da ya fito da shi daga gida. Da rana in hau turmi, in ɗaga murya ta fi ta inji. Har yau muryata a dishe take, matata tana cewa ko salati nake kamar faɗa nake.

Abin da na gane a kan turmin nan, wanda ba a koya mini a aji ba, shi ne kowa da fim ɗinsa yake shigowa. Talabijin ɗaya ce, amma masunta in sun ga kumbo yana ratsa duhu, jirgin ruwa suke gani, har su riƙa gardamar cewa matuƙin bai iya kaucewa ba. Dillalan shanu in dodon wata duniya ya fito ba sa tsorata, ƙahonsa suke dubawa da faɗin ƙirjinsa, wani ya ce wannan ai tsoho ne, naman zai yi tauri. Manoma kuwa tambayarsu ɗaya ce, su wa ke yi wa mutanen nan noma, kuma ƙasar nan ja da suka sauka a kai za ta yi gyaɗa kuwa. Wani liman na wata unguwa, da yake shigowa a ɓoye ya zauna kusa da ƙofa, ya taɓa tare ni a hanya yana tambayata, tsakani da Allah, mutumin da ya bar duniya gaba ɗaya ina zai fuskanta in zai yi salla. Duk sai na ba su amsa. In na ce ban sani ba, na zubar da fim ɗin. Su ma ba wai sun ɗauka ni ɗan Ingila ba ne. Sun san ɗan wane ne ni, sun san inda karatuna ya tsaya. Rabin labarin nawa ne, rabi nasu, hoton kuma ya riƙe mana tsakiya.

A haka Baba Ilu ya shigo. Dattijo ne daga Indabo, siriri, yana tufka igiyar rama ya kawo kasuwa. Ruwan sama ne ya koro shi, ba sha'awa ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana karkaɗe hularsa, fuskarsa tana nuna ya faɗo cikin shiriritar yara. Aka matsa masa ya zauna a ƙarshen benci. Ranar wani fim nake yi na wasu mutane da suka tafi wata duniya mai nisa suna haƙar ƙasa. Cikinsu akwai wani saurayi mai yawan shiru, na sa masa suna Audu. Lokaci-lokaci sai wani gilashi ya haska a cikin kumbon, wani tsoho mai furfura ya bayyana yana magana, duk sanda ya bayyana kuma sai fuskar saurayin ta ɗaure. Ni da na ga haka ban yi wani dogon tunani ba. Na ce tsohon nan mahaifinsa ne. Na ce shekarar yunwa ce ta sa Audu ya tafi cirani can sama, uban yana kiransa ya dawo gida, shi kuma kunya ta hana shi don bai samo abin da ya fita nema ba. A ƙarshen fim ɗin saurayin yana shiga wani ɗan ƙaramin kumbo shi kaɗai, abokansa suna kuka a jikin taga, ya tafi, ya tafi, har ya shiga wani farin haske da ya cika talabijin. Na ce wannan hantsin garinsu ne. Na ce ga gida, Audu ya iso.

Mutane suka tashi, ruwa ya ɗauke, dattijon bai motsa ba. Sai da rumfa ta zama ba kowa ya yafito ni.

"Ɗan nan, ya daɗe a can?"

Na ce ya daɗe ƙwarai, Baba.

"Kuma ya tarar da uban da rai?"

Na ce da ransa, yana zaune a ƙofar gida.

Ya gyaɗa kai, ya zura hannu a aljihu ya ba ni gyaɗa cikin tafi, ya ɗauki ragowar igiyoyinsa ya fita.

Juma'ar da ta biyo ya dawo, rana tsaka, babu ko gajimare. Ya tambayi Tasi'u ko za a saka na yaron nan da ya tafi cirani. Tasi'u ya saka. Ta gaba ma haka. Tun masu zuwa kullum suna ƙorafi har suka saba, aka san in an yi la'asar ranar kasuwa na Baba Ilu ne, wanda ya gaji ya fita. Wasu ma ba sa fita, don labarin ba ya zama iri ɗaya. Dattijon ya fara gyara mini. Na taɓa cewa uban faɗa yake yi, don na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Bayan an tashi ya ce mini a'a, ba faɗa ba ne, haka fuskar mutum take in ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ya ce uba ba ya cewa ɗansa dawo kai tsaye, sai dai ya ce masa katangar baya ta faɗi, ko ya ce uwarka ta ajiye maka daddawa. Ya ce kuma in daina sa Audu yana yawan magana, yaron da yake jin nauyin ubansa kansa a ƙasa yake. Duk na ɗauka na zuba. Wata Juma'ar in ce rijiyar gidansu ta ƙafe, wata in ce ƙanwarsa ta haihu an raɗa wa jaririn sunansa. Yana zaune a ƙarshen bencin nan, haɓarsa a kan sandarsa, in an zo wurin hasken sai ya ɗan miƙe zaune kamar wanda ya ji sallama.

Wani mutumin Dagumawa mai sayar da kaji ne ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce dattijon yana da ɗa namiji ɗaya, Sabo. Wata shekara da gero ya ƙi, Sabo ya bi mota ya yi kudu cirani, ya bar mata da goyo. Bai dawo ba. Babu saƙo, babu wanda ya ce ya gan shi, babu wanda ya ce ya ga kabarinsa. Da na ji haka na kwana biyu ina tunanin ko in daina. Ban daina ba, kuma har yau ban ga laifina ba. Mutumin nan ba yaro ba ne, bai taɓa cewa Audu ne Sabo ba. Sati guda yake yi yana tufka igiya, ranar Juma'a ya zo ya ga wani ɗa ya dawo wurin ubansa, ya koma gida da ƙarfin da zai kai shi wani satin. In akwai wanda yake da abin da ya fi wannan da zai ba shi, ai bai kawo ba.

Sai aka ja waya a layin. Murna a wurin Tasi'u kamar an yi masa haihuwa. Ya sayo wata babbar lasifika, ya tura injin lungu ya rufe da buhu. Juma'ar farko da na shiga rumfar na rasa abin da ya canja, sai daga baya na gane shirun ne. Ina jin ƙarar benci, ina jin tarin mutane, ina jin mai rake yana talla a waje. Da la'asar ta yi aka saka na Baba Ilu. Na hau turmi kamar kullum. Tasi'u kuwa yana son a san ya sayi lasifika, ya ƙi murɗe muryar, ya ce in yi nawa su yi nasu. Karon farko ke nan da muka ji muryar mutanen da muka daɗe da sani. Tsohon nan na cikin gilashi da nake yi wa murya mai rawa, ashe tasa a bushe take kamar ta mai karanta hukunci.

Ranar rumfa ta cika don kowa ya zo ganin sabon abu. Cikinsu akwai Kabiru, ɗan wani ma'aikacin gwamnati a unguwarmu, ya zo hutu daga babbar makaranta. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce babba bai durƙusa ba. Da ma mugu ne, da na ji daɗin tsanarsa shekarun nan duka. Bai sami wuri ba sai kusa da dattijon. Kunnen Baba Ilu ya fara nauyi, lasifika kuma ta danne muryata, yana ta karkato kai bai ji ni ba. Sai ya juya ya tambayi na kusa da shi ko yana jin yarensu, ya gaya masa abin da uban ya ce yau. Babba ya tambaye ka abu, ka sani, me za ka yi? Kabiru ya rage tsawo, ya kai bakinsa kusa da kunnen dattijon, ya fara fassara masa tiryan-tiryan. Daga kan turmi ina hangen su. Daga baya na ji duk abin da ya faɗa, don na kusa da su sun ji. Ya ce Baba, ai ba ubansa ba ne, mai kamfanin da ya tura su ne. Ya ce cewa yake ba za a bar su su dawo ba, don sun haƙo wani abu mai cuta. Da aka zo ƙarshe dattijon ya tambaye shi hasken fa, ba gida ba ne? Kabiru ya ce a'a Baba, rana ce. Ya ce yaron ya ɗauki abin ne ya shiga da shi cikin rana don sauran su tsira, ƙonewa zai yi.

Ni ina can ina ƙara ɗaga murya, ina cewa ga hantsi, ga ƙofar gida, ga uban ya miƙe. Baba Ilu bai dube ni ba. Bai miƙe zaune ba kuma. Da aka tashi ya yi wa Kabiru godiya, ya sa masa albarka, ya fita. Da yamma aka gaya wa Kabiru labarin Sabo, ya zo har gida yana ba ni haƙuri idonsa ya yi ja. Na ce masa ya tafi, ba ni ya yi wa ba.

Na ɗauka shi ke nan. Amma Juma'a na zagayowa sai ga dattijon, ya zauna a wurinsa. Ya kira Tasi'u ya ce a kashe maganar mutanen nan. Tasi'u ya kashe. Ya dube ni ya ce, "Hau, ɗana. Faɗa mini naka." Na hau, na fara, kuma wallahi ban taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba. Sai dai sati guda labarin ya yi yana yawo a gari. Samarin da jiya-jiya suke buɗe baki suna saurarena, yau duk sun zama masana. In na ce uban, sai wani ya ce mai kamfani dai. In na ce katanga ta faɗi, sai a kwashe da dariya. Na daure na ci gaba, ina kallon mutum ɗaya. Da Audu ya shiga ƙaramin kumbon, wani daga baya ya ce yanzu zai soyu kamar kifin bakin gada. Rumfa ta ɗauka. Baba Ilu ya dafa sandarsa ya miƙe a hankali. Ya bi ta gabana, ya ce rana ta yi, hanya da nisa. Ya fita tun hasken bai zo ba. Bai sake shigowa ba. Nakan hango shi a kasuwa wurin masu igiya, mu gaisa, ya tambayi mutanen gida, iyakarta ke nan.

Nawa aikin ma bai daɗe ba bayan nan. Mutane suka ce su a bar musu murya, ko ba sa ji. Duk wanda ya iya Turanci kaɗan ya zama sarki a bencinsa. Aka mayar da turmin gidan su Tasi'u, ni kuma na koyi faci. Daga baya aka zo da masu fassarar Hausa a cikin fim ɗin kansa, daga baya kuma kowa ya koma wayarsa. Yanzu ɗana na fari yana kwance a ɗaki, waya a kan ƙirji, abu a kunne, yana kallon fim ɗin sama wanda hotonsa ya fi abin da idona ke gani a fili kyau. Kafin ya fara ya riga ya ji ƙarshen a wurin abokai. In an yi magana mai tsawo sai ya ja da yatsa ya wuce. In ya gama ka tambaye shi, sai ya taɓe baki ya ce bai kai yadda aka zuzuta shi ba. Kullum bai kai ba. Yaya za a yi ya kai? An cika masa kai da abin da zai gani tun kafin ya gani, an kuma tauna masa komai, ba a bar masa ko ɗan gurbin da zai sa nasa ba. Mu da muke kallo ta cikin layi-layin tsohon kaset, da inji a kunne, mun fi shi ganin sama. Ya taɓa nemo mini wancan fim ɗin a wayarsa, da fassara, don ya faranta mini. Ban kai rabi ba na miƙa masa. Kumbon kamar an ƙera shi da gwangwanin madara. Tsohon nan ɓarawo ne kawai mai furfura. Saurayin ma ba mai kunya ba ne, ashar yake ta yi. Ɗana ya ce Baba, ai shi ne. Na ce na sani.

Shekaru bayan barina gidan kallo, lokacin har na yi aure, na ji rasuwar Baba Ilu a bakin masu igiya. Na hau keke na tafi Indabo gaisuwa. Ban san kowa ba, na zauna a gefen tabarma, aka yi addu'a aka shafa. Wani matashi mai ɗan gemu da ke karɓar gaisuwa ya tambaye ni daga ina, na ce daga Wudil, na ce a gidan kallo na san marigayin. Sai ya gyara zama ya dube ni da kyau, ya ce ko ni ne mai labarin Audu. Ashe shi ne goyon da Sabo ya bari. Ya ce tun suna ƙanana, duk lokacin ɓarar gyaɗa, kakansu yakan tara su a zaure ya ba su labarin wani yaro da ya tafi cirani sama, da katangar da ta faɗi, da daddawar da aka ajiye masa. Ya ce tsohon ya sha gaya musu cewa wani yaro ne a Wudil ya gani da idonsa. Na tambaye shi yadda tsohon yake ƙare labarin.

"Ai ba ya ƙarewa," in ji shi. "In Audu ya shiga ƙaramin jirgin ya kama hanya, sai ya yi shiru. In muka ce sai me, Kaka, sai ya ce yana hanya, ku ci gaba da aikinku."

Ya ja zaren tabarma da farce. Sannan ya ɗago.

"Baba, kai da ka gani. Ya iso?"

Ni ne na tsaya a gaban rumfa cike da mutane, Juma'a bayan Juma'a, na ce ga gida, ba tare da muryata ta yi rawa ba. Ranar mutum ɗaya ne a gabana, ɗan Sabo, babu inji, babu masu dariya, babu wanda zai ƙaryata ni. Kalma biyu ce kawai. Na buɗe baki, sai na ga farin hasken nan, kuma na san ko mene ne shi. Na nemi wancan hantsin a kaina, na rasa.

Na ce masa ni ma iyakar inda na gani ke nan.

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya ba da lada. Wasu baƙi suka yi sallama, ya tashi ya je ɗebo musu ruwa.